Sadaukan Zane da Sunayen Allah: Rikicin The 99 da Abin da Ya Biyo Bayansa

A watan Maris na 2014, Kwamitin Dindindin na Fatawa na ƙasar Saudiyya, ƙarƙashin babban muftin ƙasar na wancan lokaci, Sheikh Abdul'aziz Al ash-Sheikh, ya yanke hukunci a kan wani shirin katun na yara da tashar MBC3 take nunawa. Sunan shirin The 99. Fatawar ba ta yi kwana-kwana ba. Ta kira shirin aikin Shaiɗan, ta ce wajibi ne a ƙi shi kuma a hana shi, domin girmama sunayen Allah da siffofinsa. Bayan 'yan watanni, wasu shafukan Twitter masu alaƙa da ƙungiyar ISIS suka yi kiran a kashe mutumin da ya ƙirƙiro shirin, Dakta Naif Al-Mutawa, ɗan ƙasar Kuwait. A gida kuma wani lauya ya maka shi a kotu bisa zargin ɓatanci ga addini, aka sha doguwar shari'a kafin a wanke shi.

Shekara huɗu kafin nan, wannan shiri dai ya sha duka daga wani ɓangaren dabam. Tashar yara ta The Hub da ke Amurka ta saye shi za ta fara nunawa, sai wata marubuciyar jaridar New York Post mai suna Andrea Peyser ta yi rubutu a watan Oktoba na 2010, tana gargaɗin iyaye cewa ana shirin cusa wa 'ya'yansu shari'ar Musulunci ta hanyar katun. Babban abin da ya tsone mata ido shi ne wata jaruma a cikin labarin mai suna Batina, 'yar ƙasar Yemen, wadda take rufe jikinta ruf har fuska. Masu ra'ayi irin nata suka yi caa, tashar ta ɗage shirin, kuma har ta daina aiki da wannan suna ba ta nuna shi ba. A New York an ce labarin ya cika Musulunci, a Riyadh an ce ya keta alfarmar Musulunci.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa ina ruwansa da rigimar katun. Amma MBC3 na cikin tashoshin da yaranmu suka tashi suna kallo a duk gidan da aka kafa faifan tauraron ɗan'adam, kuma rigunan Superman da Spider-Man sun cika kasuwanninmu. Tambayar da wannan rigima ta tayar tana da nauyi: wane wuri addini zai zauna a cikin labarin mutumin da yake tashi sama, ya ɗaga dutse, ya ceci duniya da hannunsa?

Duwatsu casa'in da tara

An haifi Naif Al-Mutawa a 1971. Likitan halayyar ɗan'adam ne, ya yi karatu a Amurka, ya kuma yi aiki a asibitin Bellevue da ke New York, a sashen da ake kula da mutanen da aka azabtar a kurkukun ƙasashensu. Da yawa daga cikin waɗanda ya duba Larabawa ne, waɗanda shugabannin da aka koya musu ɗauka a matsayin gwaraza suka gana musu azaba. Ya sha faɗa cewa abin da ya dame shi ke nan: su wane ne gwarazan da yaran Musulmi suke tashi da su? A 2003, yana cikin tasi a birnin Landan, tunanin The 99 ya faɗo masa. Ya kafa kamfanin Teshkeel, ya ɗauko ƙwararrun marubuta da masu zane da suka yi aiki da kamfanonin Marvel da DC, irin su Fabian Nicieza, littafin farko ya fito a 2006.

Ƙashin bayan labarin yana da daɗi, kuma an gina shi a kan tarihi na gaskiya. A 1258 rundunar Mongol ƙarƙashin Hulagu ta ci Bagadaza, ta kawo ƙarshen daular Abbasiyya a birnin, aka zubar da littattafan ɗakunan karatu a kogin Dajla, har masu tarihi suka ce ruwan ya yi baƙi da tawada. Daga nan ne ƙirƙira ta fara. A cikin labarin, masu kula da ɗakin karatu na Darul Hikima sun tsoma wasu duwatsu masu daraja guda 99 a cikin kogin, duwatsun suka zuƙe ilimin da ke narkewa a ruwa. Aka shirya su a matsayin carbi uku, kowanne mai ƙwaya 33, aka fice da su a ɓoye har Andalus. A 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, wani mai suna Rughal ya so ya haɗiye ƙarfin duwatsun duka shi kaɗai, abin ya tarwatse, duwatsun suka bazu a duniya. A zamaninmu sai wani masani, Dakta Ramzi, ya shiga neman matasan da duwatsun suka faɗa hannunsu.

Kowane matashi daga ƙasarsa dabam, kuma kowanne yana ɗauke da suna daga cikin sunayen Allah kyawawa. Jabbar ɗan Saudiyya ne, ƙato mai ƙarfin tsiya. Noora 'yar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ce, tana ganin haske da duhun da ke cikin zuciyar mutum. Fattah ɗan Indonesiya ne, yana buɗe ƙofa daga wannan wuri zuwa wancan. Mumita 'yar Portugal ce, gwanar faɗa. Darr kuwa Ba'amurke ne mai suna John Weller, wanda wani direba da ya sha ya bugu ya kashe masa iyali ya bar shi a keken guragu. Baiwarsa ita ce jefa wa mutum raɗaɗi, sai daga baya ya gane yana iya cire raɗaɗin daga jikin wani. Ba wanda yake iya komai shi kaɗai, sai sun haɗu uku-uku. Kusan rabinsu mata ne, wasu da lulluɓi, wasu babu.

Abu ɗaya ne Al-Mutawa ya cire da gangan: ibada. A cikin The 99 ba a salla, ba a ambaton Alƙur'ani, ba a faɗin addinin kowa. Hujjarsa ita ce karamci da hikima da tausayi ba mallakin wata al'umma ɗaya ba ne, kuma yana so yaron Brazil ya karanta kamar yadda yaron Kuwait zai karanta. Da farko Saudiyya ta hana littafin shiga. Sai da bankin Musulunci na Unicorn da ke Bahrain ya zuba jari, kwamitin malamansa na shari'a ya amince, sannan ƙofa ta buɗe. A 2009 aka buɗe wurin wasan yara na The 99 a Jahra ta ƙasar Kuwait. A watan Afrilu na 2010 Shugaba Barack Obama ya ambaci Al-Mutawa da suna a wani taron 'yan kasuwa a Washington, ya yaba masa. A ƙarshen shekarar kamfanin DC ya fara fitar da littattafai shida da suka haɗa The 99 da su Superman da Batman a labari guda. Wannan yabo na Obama shi ne ya ƙara jawo hankalin masu ƙin Musulunci a Amurka zuwa kansa.

Inda gardamar take

Barazanar kisa ba ta da wani uzuri, kuma ba ta cancanci a zauna ana auna ta ba. Mutumin da ya kashe shekaru yana neman abin da zai sa yaran Musulmi su ɗaga kai bai cancanci a farauce shi ba. Amma idan aka ajiye 'yan ta'adda gefe, tsakanin Al-Mutawa da malaman da suka soke shi akwai mas'ala ta ilimi, kuma kowane ɓangare yana da abin riƙewa.

Kariyar da Al-Mutawa ya riƙe ita ce bai taɓa kiran jaruminsa Al-Jabbar ba, Jabbar ya ce. Alif da lam ɗin nan su ne suke mayar da siffa ta zama cikakkiya, ta Allah shi kaɗai; idan aka cire su, abin da ya rage siffa ce da bawa zai iya samun ɗan rabo a cikinta. Wannan ba sabuwar magana ba ce. Alƙur'ani da kansa ya siffanta Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da tausayi da jinƙai a ƙarshen Suratut Tauba, da kalmomin da suke cikin sunayen Allah. Annabi Yusuf ya siffanta kansa da tsaro da sani lokacin da ya nemi a ba shi riƙon taskokin Masar. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta littafi sukutum, Al-Maƙsadul Asna, inda yake bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya yi bayanin ma'anar kowanne game da Allah, sannan ya nuna rabon da bawa zai nema a ciki. Mu ma a nan muna da Kabiru da Basiru da Hafizu a kowace unguwa, ba wanda ya ce iyayensu sun yi shirka.

Sai dai rabon bawa da Gazali yake magana a kai na hali ne. Wanda ya san Allah mai gafara ne, sai ya koyi rufa asirin ɗan'uwansa. Wanda ya san Allah mai ji ne, sai ya kiyaye harshensa. Aikin zuciya ne da ake samu da wahala, da tarbiyya, da shekaru. A cikin The 99 kuwa siffar ta koma ƙarfi, ƙarfin kuma yana zaune a cikin dutse, wanda ya dace da dutsen ya samu. A nan ne mai karatun tauhidi zai tsaya. Yaron da aka koya masa a Islamiyya cewa babu mai amfanarwa ko cutarwa sai Allah, yanzu yana kallon wani mutum da ake kira Darr yana cutarwa da ikon da ya fito daga wani dutse da ya rataya. Ga malaman Saudiyya, waɗanda suka gina karatunsu a kan yaƙi da laya da neman tabarruki da duwatsu da itatuwa, da wuya a kawo hoton da ya fi wannan tayar musu da hankali.

Akwai kuma matsalar zaɓen sunayen. Hadisin da ya ce Allah yana da sunaye 99 tabbatacce ne, yana cikin Buhari da Muslim daga Abu Huraira. Jerin sunayen da yara suke rerawa kuwa ya zo ne a ruwayar Tirmizi, kuma manyan malaman hadisi da dama suna ganin masu ruwaya ne suka tattaro shi. A cikin jerin akwai sunayen da malamai suka ce ba a ambaton su su kaɗai, sai tare da abokan gaminsu: mai rayarwa da mai kashewa, mai amfanarwa da mai cutarwa, mai ɗaukakawa da mai ƙasƙantarwa. Cikar tana cikin haɗuwar biyun. The 99 ya raba su, ya ba wata budurwa sunan Mumita, ya ba wani saurayi sunan Darr. Akwai kuma siffofin da suke yabo ne ga Allah amma zargi ne ga mutum. Jabbar na cikinsu. Duk inda Alƙur'ani ya jingina wa azzalumi wannan siffa, tir ake yi da shi, kamar yadda yake a Suratu Gafir a cikin labarin Fir'auna. Bahaushe ma idan ya kira mutum jabberi, ba addu'a yake yi masa ba.

A ganina, Al-Mutawa ya yi niyya mai kyau, ya kuma yi aiki mai inganci, amma ya ɗora addini a wurin da ya fi ko'ina haɗari a cikin irin wannan labari, wato a tushen ƙarfin jarumi. Sannan ya cire shi daga wurin da ya fi sauƙin zama, wato rayuwar jarumin ta yau da kullum. Sakamakon haka, Musulmin da ya buɗe littafin ya ga sunayen Ubangijinsa a jikin mutane masu damtse, bai ga kowa yana alwala ba.

Abin da ya gani a wurin Superman

Al-Mutawa bai ɓoye inda ya samo dabarar ba. Ya ce ya lura cewa manyan jaruman zanen Amurka a kan labaran Baibul aka gina su, ba tare da an ambaci Baibul ba, shi ma yana so ya yi haka da Alƙur'ani. Abin da ya lura da shi gaskiya ne.

Samari biyu Yahudawa 'yan birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura daga Turai, su suka ƙirƙiro Superman. Ya fara fitowa a 1938, bayan sun sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130 kacal. Jariri ne da iyayensa suka sa a cikin ƙaramin jirgi suka tura shi don ya tsira daga halaka, baƙi suka tsince shi suka raine shi, ya girma ya tsaya wa waɗanda ake zalunta. Duk wanda ya karanta labarin Annabi Musa a Alƙur'ani ya san wannan akwati da wannan kogi. Sunansa na asali, Kal-El, yana ƙarewa da El, kalmar da take nufin Ubangiji a Ibrananci, wadda take ƙarshen sunayen Jibrilu da Mika'ilu. 'Yan Nazi sun gane inda aka dosa: a 1940 jaridar rundunar SS ta yi rubutu tana zagin Siegel da Yahudancinsa. Stan Lee da Jack Kirby da Joe Simon da Bob Kane da Bill Finger, waɗanda suka haifi Captain America da Batman da X-Men da sauransu, duk Yahudawa ne, wasunsu sun canja sunayensu don su samu shiga. Sun rubuta labarin mutumin da yake ɓoye ko shi wane ne a wurin aiki, domin rayuwarsu ke nan.

Da labarin ya koma hannun masu fim, sai Annabi Musa ya ja baya, aka matso da Almasihu kamar yadda Kiristoci suka ɗauke shi. A fim ɗin 1978, Marlon Brando ya fito a matsayin uba daga sama da yake aiko da ɗansa tilo ga mutanen duniya. A 1992 aka kashe Superman a cikin littafi, shekara ta zagayo aka tashe shi. A fim ɗin Man of Steel na 2013 shekarunsa 33, kuma kafin ya miƙa kansa sai da ya shiga coci ya nemi shawarar fada, hoton Yesu yana addu'a yana bayansa a jikin gilashin taga. Kamfanin Warner Bros. har takardun wa'azi ya sa aka shirya wa fastoci don su yi huɗuba da fim ɗin.

Wannan ya yiwu ne saboda aƙidar Kirista ta ginu a kan cewa Ubangiji ya ɗauki jikin mutum, kuma coci-coci sun shafe ƙarnoni suna zana shi a bango. Mutum mai siffar allahntaka ba baƙon hoto ba ne a wurinsu. Haka abin yake a Indiya, inda Anant Pai ya kafa Amar Chitra Katha a 1967, yana zana labaran Krishna da Rama, littattafan suka shiga miliyoyin gidaje. Tauhidin Musulunci kuwa kan iyakar da ke tsakanin Mahalicci da abin halitta shi ne zuciyarsa. Dabarar da ta yi wa Superman aiki ba za a ɗauko ta ɗungurungum a dasa a nan ba. Moustapha Akkad ya fahimci haka tun 1976, lokacin da ya yi fim ɗin The Message, wanda gidajen Hausa da yawa suka kalla: ya ba da tarihin Annabi ba tare da ya nuna shi ko an ji muryarsa ba, ya bar Sayyadina Hamza da Bilal da Zaidu suka ɗauki labarin. Inda aka tsallake wannan iyaka kuwa, an ga abin da ya faru. A watan Oktoba na 2011 tashar Nessma ta Tunisiya ta nuna katun ɗin Persepolis na Marjane Satrapi, wanda a ciki wata yarinya take ganin Ubangiji a surar dattijo mai farin gemu. Aka kai hari gidan mai tashar, Nabil Karoui, kotu kuma ta ci shi tara a 2012.

Mai yarjejeniya da makaho

Ko a Amurkar ma, littattafan zanen da suka fi zurfi a maganar addini ba su ne masu jarumi mai kama da abin bauta ba.

A 1978 Will Eisner ya fitar da A Contract with God. Labarin wani Bayahude ne mai tsoron Allah, Frimme Hersh, wanda tun yana yaro, yana gudun kisan gillar da ake yi wa Yahudawa a Rasha, ya rubuta yarjejeniya tsakaninsa da Ubangiji a kan wani ɗan dutse: shi zai yi alheri, Ubangiji kuma ya kula da shi. Ya cika nasa alkawarin a unguwar Bronx, har ya ɗauki jaririyar da aka yar a ƙofarsa ya raine ta. Sai yarinyar ta mutu tana budurwa. Shafukan farko na littafin ba su da yawan magana, ruwan sama ne kawai kamar da bakin ƙwarya, da wani mutum a sunkuye yana dawowa daga maƙabarta, ruwa na zuba daga hularsa. A daren ya ɗaga kai yana tuhumar Ubangiji da saɓa alkawari, ya wurga dutsen ta taga, ya aske gemu, ya zama mai gidajen haya marar imani. Sai can ƙarshen rayuwarsa Eisner ya bayyana cewa 'yarsa Alice ta mutu da ciwon sankarar jini tana da shekara 16, kuma fushin Hersh nasa ne. Musulmi zai karanta wannan ya ga kuskuren Hersh tun daga tushe, domin bawa ba ya gindaya wa Ubangijinsa sharaɗi. Amma zai kuma gane ciwon, don babu gidan makokin da ba a taɓa jin zuciya ta yi wannan tambaya a ɓoye ba, kafin haƙuri ya rinjaye ta.

Daredevil kuma lauya ne makaho, ɗan ɗariƙar Katolika, wanda yake sa rigar Shaiɗan da dare ya doki miyagu, da safe ya je ya yi iƙirarin zunubi a gaban fada. Ƙarfinsa daga haɗarin wani sinadari ya samo shi, babu ruwan addini a ciki. Aikin addininsa shi ne ya hana shi barci. A labarin Born Again na 1986, wanda Frank Miller ya rubuta David Mazzucchelli ya zana, an raba shi da aikinsa da gidansa da hankalinsa, ya faɗi a titi, wata mai hidimar coci ta ɗauke shi ta yi jinyarsa, ashe mahaifiyarsa ce. Tambayar da take bin sa kullum ita ce ko mutum yana da ikon yanke hukuncin da na Allah ne.

Yarinyar Jersey City

Wata guda kafin fatawar Saudiyya, a Fabrairun 2014, kamfanin Marvel ya fitar da littafi na farko na Ms. Marvel. Kafin nan an yi jarumai Musulmi jefi-jefi: Dust 'yar Afghanistan mai niƙabi a 2002, Faiza Hussain likita 'yar Ingila a 2008, Simon Baz ɗan asalin Lebanon a 2012. Amma Kamala Khan ce ta farko da Marvel ya ba littafi nata na kanta. Mata biyu Musulmi ne a bayanta: edita Sana Amanat, 'yar asalin Pakistan da ta tashi a New Jersey, da marubuciya G. Willow Wilson, Ba'amurkiya da ta musulunta ta kuma zauna a Alƙahira.

Sun yi akasin abin da The 99 ya yi. Ƙarfin Kamala daga wani hazo ya zo, irin tatsuniyar kimiyyar da Marvel ya saba, ba a jingina shi ga aya ko sunan Allah ba. Musuluncinta kuwa yana ko'ina. A shafi na farko an nuna ta a kantin unguwa, ta kanga hanci a jikin gilashi tana shaƙar ƙamshin burodi mai naman alade da ta san ba za ta ci ba. Shekarunta 16. Wanta Aamir ustazu ne mai gemu, mahaifinsu yana yi masa faɗan ya nemi aiki. Ƙawarta Nakia ta sa hijabi da ra'ayin kanta, mahaifinta kuwa so yake ta cire. A masallaci 'yan matan suna bayan shamaki, ba sa ganin mai wa'azi, har suka ɗaga murya suka tambayi dalili. Ranar da ƙarfin ya zo mata, abin da ta fara yi shi ne rikiɗewa ta zama farar mace mai gashi ruwan zinariya, domin a tunaninta haka jaruma take. Sai da ta sha wuya kafin ta yarda ta yi aikin da fuskarta. Kuma lokacin da wata yarinya da ta saba yi mata gori ta faɗa ruwa, abin da ya zo wa Kamala a rai shi ne ayar da mahaifinta yake yawan karantawa, ta 32 a Suratul Ma'ida, wadda take magana a kan girman ceton rai guda.

Wurin da ya fi burge ni shi ne zamanta da limamin masallacinsu, Sheikh Abdullah. Iyayenta sun kai ƙararta saboda fitar dare. Ta je tana jiran tsawa. Malamin ya saurare ta, ya gane ba za ta faɗa masa komai ba, ya kuma gane taimakon mutane take yi. Bai ce ta daina ba. Ya ce idan har za ta yi, to ta yi da halin da ya dace da mutumin kirki, da ƙarfin zuciya da gaskiya da tausayi da kamun kai, kuma ta nemi malamin da zai koya mata. Wannan shi ne rabon bawa da Gazali ya yi magana a kai, an zana shi a shafi biyu. Littafin ya ci kyautar Hugo a 2015. A shekarar ne kuma, da wata ƙungiyar masu ƙin Musulunci ta liƙa tallace-tallace a jikin motocin safa na San Francisco, wasu suka bi suka rufe su da hoton Kamala.

Ba duk Musulmin da ya samu shiga wannan masana'anta ne ya yi amfani da damar haka ba. A watan Afrilu na 2017, wani mai zane ɗan Indonesiya, Ardian Syaf, ya ɓoye saƙo a cikin littafin X-Men Gold: ya rubuta lambar sura ta 5 aya ta 51 a rigar wani jarumi, ya kuma sa lamba 212 a jikin wani kanti, yana nuni ga zanga-zangar 2 ga Disamba 2016 da aka yi wa gwamnan Jakarta na wancan lokaci, Kirista, Basuki Tjahaja Purnama. Ya yi haka ne a littafin da shugabar jarumansa, Kitty Pryde, Bayahudiya ce, ba da sanin marubuci ko edita ba. Masu karatu a Indonesiya ne suka fara ganowa, Marvel ya kore shi, Wilson kuma tana cikin waɗanda suka fi yi masa raddi mai zafi. Aya ce ya ɗauka ya mayar da ita habaici a aikin da aka ba shi amana.

Ita ma Kamala ba ta tsira gaba ɗaya ba. Da Disney+ ya mayar da labarin shirin talabijin mai kashi shida a 2022, tare da Iman Vellani, an yi abubuwa masu kyau: shagalin Idi, bikin aure, satar takalma a ƙofar masallaci, da raba Indiya da Pakistan a 1947 kamar yadda kakanni suke ba da labarinsa. Amma an canja tushen ƙarfin. Aka ce daga wani awarwaro na gado yake, aka kawo wasu halittu daga wata duniyar da ake kira Noor, aka ce su ne mutane suke kira aljannu, kuma mahaifiyar kakarta tana cikinsu. Musulmi masu kallo da yawa sun nuna ɓacin ransu, domin aljani a wurinsu halitta ce ta gaskiya mai sura guda a cikin Alƙur'ani, kuma sun gaji da ganin duk inda Musulmi ya fito a fim ɗin Turawa sai an jawo aljani da fitila. A kashi na ƙarshe masu shirin sun ja da baya, suka sa abokinta Bruno ya gaya mata cewa ya duba ƙwayoyin halittarta ya ga wani sauyi ne a jininta, irin na X-Men.